Olonka ko mudu: da me ake auna ciwon damuwa a gwajin magani?

Sadiya Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo neman shawara, don kaina ya kulle. Aikin digirina na biyu a fannin harhaɗa magunguna shi ne in bi masu ciwon damuwa da aka ɗora a kan amitriptyline da waɗanda aka ɗora a kan fluoxetine, tsawon mako 8, in ga yadda kowa ke samun sauƙi. Malamin da ke duba aikin ya ce in ɗauki ma'aunin Hamilton, wai shi kowa ke amfani da shi. Wata likita kuma ta ce in rabu da shi in ɗauki MADRS. A kilinik ɗin da zan yi aikin PHQ-9 suke cikewa. Ranar Litinin zan miƙa takardar. Wanne zan rubuta a matsayin babban ma'auni?

Alhaji Tanko Alabar: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin malamai su iso, ni ɗan kasuwa a fahimtar da ni. Damuwar ma awo gare ta? Na san awon hawan jini, na san na suga. Baƙin ciki a wane sikeli ake ɗora shi?

Dokta Bashir: Baba Alhaji, tambayarka ita ce tushen maganar. Babu jinin da za a ɗiba a ce ga damuwa ta kai kaza. Tambayoyi ake yi, kowace amsa a ba ta maki, a tara. Wanda ya fi daɗewa a gwaje-gwajen magani shi ne na Max Hamilton, likitan ƙwaƙwalwa a garin Leeds na Ingila, ya fitar da shi a 1960. Gaɓoɓi 17 ake tarawa, tara daga ciki makinsu 0 zuwa 4, takwas 0 zuwa 2, ƙarshen maki 52. Likita ne ke hira da mara lafiya ya sa makin. MADRS kuwa na Stuart Montgomery ne da Marie Åsberg ta Suwidin, 1979, gaɓoɓi 10, kowace 0 zuwa 6, ƙarshe 60. Su da gangan suka zaɓo gaɓoɓin da suka fi motsawa idan magani ya fara aiki. PHQ-9 na 2001 ne, tambayoyi 9, mara lafiya ke cikewa da kansa, ƙarshe 27.

Ƙanwata Sadiya, magungunan nan biyu da kika zaɓa su ne daidai inda Hamilton ke iya ruɗin mutum. Je ki ƙirga gaɓoɓin barci a cikinsa.

Sadiya Aboabo: Uku ne Yaya Dokta. Kasa fara barci, farkawa tsakar dare, da farkawar asubar fari.

Dokta Bashir: Kowace maki 2, ke nan 6. Ita kanta gaɓar baƙin cikin, wadda don ita aka zo asibiti, makinta 4 kacal. To amitriptyline yana sa barci tun daren farko, yana buɗe ciki, mutum ya yi ƙiba. Fluoxetine a makonnin farko yana iya kawo tashin zuciya, ya hana wasu barci, ya rage sha'awar aure. Hamilton yana da gaɓar ciki da cin abinci, yana da ta sha'awa, yana da ta rama. Sai ki ga mai shan amitriptyline ya sauke maki 5 ko 6 a kan gado kawai, zuciyarsa tana inda take, shi kuwa mai fluoxetine illar maganin an rubuta masa ita a matsayin ciwo. In kika tara jimla kika ce wannan ya fi wancan, me kika auna?

Malam Idi Lissafi: Dokta, ka yi min afuwa, zan ɗan taka maka birki. Barci a Hamilton 6 cikin 52 ne. A MADRS gaɓa ɗaya ce, amma makinta 6 cikin 60. Kashi 11 da rabi da kashi 10. Wannan tazarar ba ta kai a yi mata gangami ba.

Dokta Bashir: Na karɓa, Malam. Amma ci gaba da lissafin, kada ka tsaya a barci.

Malam Idi Lissafi: Na ci gaba, kuma nan ne ka yi nasara. A Hamilton, barci 6, alamun fargaba a jiki 4, ciki 2, ciwon jiki da kasala 2, sha'awa 2, yawan zargin cuta a jiki 4, rama 2. Jimla 22 cikin 52 duk maganar gangar jiki ce. A MADRS barci da cin abinci 12 cikin 60. Sannan baƙin ciki a MADRS gaɓa biyu ne, wanda ake gani a fuska da wanda mutum ya faɗa da bakinsa, 12 cikin 60, a Hamilton kuwa 4 cikin 52. To hujjarka ta tsaya, ƙafar da ka fara ɗora ta a kai ce kawai ba ta da ƙarfi.

Alhaji Tanko Alabar: Yanzu na soma gani. Kamar a ce ni na auna masara da olonka, na Bawku ya auna da nasa kwanon, sannan mu zauna muna gardamar wa ya fi yawan kaya. Kuma ko olonkar ma, akwai mai bubbuge gindinta.

Hajiya Mariya Nas: Alhaji, mai bubbuge gindin olonka yana nan a wannan harkar ma, bari malaman su gaya maka. Ni dai shekarata 19 ina aikin jinyar masu taɓin hankali a cikin unguwanni, kuma abin da kuke kira aibin Hamilton ni a wajena shi ne ƙofar shiga. Wace mata ce a Zango za ta zauna gabanka ta ce "ina cikin baƙin ciki"? Cewa za ta yi kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, ba na barci, abinci ba ya min daɗi. Sai kin bi ta jikin nan kafin ki isa zuciya. In na fara da tambayar baƙin ciki, amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi. Wadda mijinta ya rasu wata biyu, alhamdu lillahi. Wadda ta kwana tana kuka, alhamdu lillahi. Kuma ba ƙarya take ba, tarbiyya ce, ba a kai ƙarar Allah wajen mutum.

Dokta Bashir: Anti, ban musa ba ko kaɗan. Sai dai aiki biyu ne. Buɗe bakin mara lafiya daban, kwatanta magani da magani daban. Hamilton da kansa ya ce ma'auninsa na waɗanda aka riga aka tabbatar suna da ciwon ne, bai yi shi don gano cuta ba. Ki shiga ta ƙofar jiki yadda kika saba, amma lambar da Sadiya za ta ɗora hukunci a kanta kada ta zama wadda illar magani ke juyawa.

Nuhu Nima: Salam daga Ankara, babban birnin Ghana. Ni ɗalibi ne, a yi haƙuri in na yi kutse. Amma duk wannan ba kauce wa babbar magana ba ce? Irving Kirsch da abokan aikinsa sun karɓo bayanan da kamfanoni suka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, gwaji 35, suka buga a 2008. Masu shan magani sun sauke maki 9.6 a Hamilton, masu shan ƙwayar wofi wadda ba komai a cikinta sun sauke 7.8. Bambanci 1.8 cikin 52! Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a lokacin maki 3 ta ɗauka a matsayin bambancin da ya isa a kula. To in maganin bai kai ba, canza ma'auni ba neman olonkar da za ta ba mu amsar da muke so ba ne?

Malam Idi Lissafi: Ƙanena, ba kutse ka yi ba, kuma alƙalumanka daidai ne. Zarginka ma yana da wuri: in aka gama gwaji sannan aka je ana lalube cikin ma'aunai har a sami wanda ya yi kyau, wannan maguɗi ne. Shi ya sa ake rubuta babban ma'auni a ajiye tun kafin a ɗauki mutum na farko, abin da Sadiya ke ƙoƙarin yi ke nan.

Amma ka duba ɗaya gefen. Wasu masu bincike a Gothenburg ta Suwidin, Hieronymus da Eriksson da sauransu, sun koma kan bayanan mutum ɗaya ɗaya na gwaje-gwajen magungunan dangin fluoxetine. Kwatance 32. Da jimlar Hamilton, 18 sun kasa bambanta magani da ƙwayar wofi. Da suka duba gaɓar baƙin ciki ita kaɗai, 3 ne kawai suka kasa. Mutanen nan su ne dai, ƙwayoyin su ne dai, makon shi ne dai. Abin da ya canza shi ne abin da aka tara.

Nuhu Nima: To ai shi ne abin da nake faɗa, Malam. An zaɓi tambaya ɗaya cikin 17 bayan an ga sakamako.

Malam Idi Lissafi: Eh, bayan an gani ne, kuma haka ya kamata a karanta shi, da taka tsantsan. Sai dai ba kowace tambaya suka tsinta ba, ita ce wadda sunan ciwon ke kanta. Kuma tun shekarun 1970 Per Bech na Danmak ya ware gaɓoɓi 6 daga cikin 17 ɗin: baƙin ciki, zargin kai, aiki da sha'awar abubuwa, sanyin jiki da magana, fargabar zuci, da kasala. Ƙarshen makinsu 22. Hujjarsa ita ce waɗannan shida tare suke hawa tare suke sauka, abu ɗaya suke aunawa, saɓanin sauran da kowace ke jan nata gefe. Wannan ya riga fluoxetine zuwa kasuwa, don sai ƙarshen 1987 Amurka ta amince da shi, ba za a ce don a wanke shi aka yi ba. A 2004 ma Bagby da abokansa sun yi bitar ma'aunin a babbar mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, suka ce lokacin maye gurbinsa ya yi. Ba a maye ba, saboda gwaje-gwajen shekara 40 duk da shi aka yi, kowa na son ya kwatanta nasa da na baya.

Dokta Bashir: Nuhu, ƙara da wannan. Babban tarin da Cipriani ya jagoranta a 2018, gwaji 522, mutum sama da 116,000, magani 21, duka sun fi ƙwayar wofi. Bambancin matsakaici ne, ba mu'ujiza ba, ni ma haka nake gaya wa marasa lafiyata. Amma 1.8 ɗin nan matsakaicin taro ne. A cikinsa akwai wanda bai motsa ba, akwai wanda ya tashi daga kwance ya koma shagonsa a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Kuma don Allah duk mai karanta mu da ke kan magani, kada gardamar malamai ta sa ya ajiye ƙwayarsa. Dainawa farat ɗaya tana da nata wahalar, a je a yi magana da wanda ya rubuta.

Hajiya Mariya Nas: Ku dawo kan mai bubbuge olonka, Alhaji na jira.

Dokta Bashir: To Anti. Yawancin gwaje-gwaje suna sa sharaɗi, misali sai wanda ya kai 18 ko 20 a Hamilton zai shiga. Cibiyar da ke ɗaukar mutane tana son ta cika adadinta. Mutum ya zo da 16, mai aunawa ya ɗan ƙara nan, ya ɗan ƙara can, ya zama 19. Mako mai zuwa babu sauran dalilin ƙari, sai a sa masa 16 ɗinsa na gaskiya. A takarda ya samu sauƙin maki 3, ko magani yake sha ko ƙwayar wofi. Wannan na cikin abin da ke kumbura sakamakon ƙwayar wofi. Dabarar da wasu ke yi ita ce a shigar da mutum da ma'auni ɗaya, a yanke hukunci da wani, ko a sa wanda ba ya cikin cibiyar ya yi awon.

Alhaji Tanko Alabar: Ashe har a asibitin Turawa ana cika mudu da hannu.

Sadiya Aboabo: Malam Idi, akwai abin da ke ɗaure min kai. Wasu takardu suna cewa kashi kaza "sun karɓi magani", wasu kashi kaza "ciwon ya lafa". Na ɗauka abu ɗaya ne.

Malam Idi Lissafi: Ba ɗaya ba ne. Karɓar magani ita ce makin mutum ya ragu da rabi ko fiye. Lafawa ita ce ya sauko ƙasa da wani layi, a Hamilton 7 ko ƙasa, a MADRS galibi 10, wasu su sa 12, a PHQ-9 ƙasa da 5. Wanda ya fara da 30 ya dawo 15 ya karɓi magani, amma har yanzu mara lafiya ne. Kuma ki lura da sharrin layi. Mutum biyu sun fara da 24. Ɗaya ya dawo 12, ɗaya 13. Na farko an rubuta shi cikin masu nasara, na biyu cikin waɗanda magani bai yi wa aiki ba, alhali tsakaninsu maki ɗaya ne, wataƙila daren da sauro ya hana shi barci. Da mutum kaɗan irin naki, in kika raba su gida biyu haka kin zubar da bayaninki mai yawa. Ki yi lissafi da makin kansa, kason ya biyo baya a matsayin ƙari.

In kina son ganin yadda ma'auni ke juya labari, ki karanta rigimar STAR*D. Babban bincike ne na Amurka, mutum wajen 4,000. A matakin farko, da maganin citalopram, lafawa ta kai kashi 28 da Hamilton, kashi 33 da QIDS, wani ma'auni da mara lafiya ke cikewa. A ƙarshe aka yi ta yaɗa cewa bayan matakai huɗu kashi 67 sun samu lafawa, da QIDS aka lissafa. A 2023 Pigott da abokansa suka sake lissafi bisa ainihin tsarin da aka rubuta tun farko, wanda Hamilton ne babban ma'auninsa, suka samu kashi 35. Ba ma'aunin kaɗai ya kawo wannan gibin ba, akwai batun su wa aka ƙirga da yadda aka yi da waɗanda suka fice a hanya. Amma sauya ma'auni na ciki.

Hajiya Mariya Nas: Sadiya, yaushe za ki fara ɗaukar mutane?

Sadiya Aboabo: In an amince da wuri, zai faɗo kusa da azumi, Anti.

Hajiya Mariya Nas: To tsaya nan. Duk malaman nan ba wanda ya taɓo wannan. Cikin azumi wa ke barci yadda ya saba? A yi asham, a dawo a yi hira, a tashi sahur ƙarfe uku da rabi, goman ƙarshe a kwana tahajjud. Wa ke cin abinci yadda ya saba? Wa bai rama ba? Ki tambayi lafiyayyen mutum gaɓoɓin barci da ci da rama a ranar 25 ga Ramadan, zai tara miki maki. Wanda kika fara aunawa a Sha'aban kika ƙare a azumi zai fito kamar ya ƙara lalacewa, wanda kika fara a azumi kika ƙare bayan salla zai fito kamar maganin ya yi abin mamaki. Ga kuma lokacin shan ƙwayar da zai canza. Ko ba azumi ma, mai kokon da ke tashi ƙarfe uku ta ɗora tukunya, ko direban motar haya ta tirotiro mai lodin farko, in yaro ya karanta musu "kina farkawa da asubar fari?" za su ce eh. Dole a tambaya: kafin lokacin da kika saba? Kuma in kin farka, me ke zuwa miki a rai?

Dokta Bashir: Wallahi Anti kin yi gaskiya, ban kawo azumi a raina ba. Kuma wannan ya shafi MADRS ma, yana da barci da ci. Sadiya, ko ki kammala kafin a ga wata, ko ki fara bayan salla da mako biyu. Maganar tambaya kuwa, akwai jagoran hira da Janet Williams ta tsara wa Hamilton a 1988, ana kiransa SIGH-D, MADRS ma yana da nasa. Suna sa a kwatanta da yadda mutum yake kafin ciwon. Kada ki yi awo ba tare da jagora ba.

Hajiya Mariya Nas: Saura biyu. Tambayar sha'awar aure a Hamilton: in saurayi ɗan ashirin da biyar ne zai yi wa sa'ar uwarsa ita, sifili zai rubuta, don ko ba zai tambaya ba, ko ba za a amsa ba. Sai tambayar kashe kai, wadda ke cikin dukkan ukun. Har zuwa 2023 yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Ghana, sai a shekarar majalisa ta cire. Mutane da yawa ba su ma san an cire ba. Ga addini, kowa ya san hukuncinsa. Ba mai ce miki eh kai tsaye. Ni cewa nake: akwai ranar da kika ji da ma Allah ya ɗauki ranki ki huta? Nan ake yin shiru, sannan a yi magana. Kuma in an yi magana, ki san a ranar wa za ki kai wa, kada ki rubuta lamba ki rufe fayil.

Nuhu Nima: To me ya hana ta ɗauki PHQ-9 kawai? Kyauta ne, minti biyar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aunin Beck, shi ma na cikewa da kai, sai an biya, wannan kuwa ba a biya. Na kuma ga an gwada shi a Ghana.

Dokta Bashir: An gwada, a Kintampo, kan mata masu jego, Weobong da abokan aikinsa suka buga a 2009. Sun kwatanta shi da wasu ma'aunai biyu, na Edinburgh da SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya, PHQ-9 ya fi su. Amma aikin tantancewa ne, wa ke da ciwo wa ba shi da shi, kuma cikin Tonanci, wato yaren Twi, ba Hausa ba. Sannan yana cusa kishiyoyi a tambaya ɗaya: rashin barci ko yawan barci, rashin ci ko yawan ci. Mai amitriptyline da ya tashi daga rashin barci ya koma yawan barci, makinsa bai motsa ba, alhali abu ya faru. Kuma "cikewa da kai" suna ne kawai in mutum ba ya karatun boko. Wani ne zai karanta masa, yana fassarawa a tsaye, yau da wannan kalma gobe da waccan.

Hajiya Mariya Nas: Akwai ma inda yake tambaya ko kina kasa maida hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Ni sai in ce: kina ɓata a lissafin raka'a? Kina ba da canji fiye da kima? Nan take ake ganewa.

Malama Zainab mai kula da zaure: Wata 'yar'uwa a cikinmu ta turo min wannan a keɓe, ta ce in sa ba suna.

"Na sha maganin nan bayan haihuwata ta uku. Duk zuwa ana min tambayoyi ana rubutawa. Wata na biyu aka ce lambata ta yi kyau sosai. Gaskiya ina barci, ina ci, har na yi ƙiba, dangin miji suna cewa na warke. Amma ranar da babbar 'yata ta zo da sakamako ta yi na ɗaya a aji, na riƙe takardar ina kallo, ban ji komai ba. Ba daɗi, ba baƙin ciki, kamar an ba ni rasit ɗin wuta. Na yi mata murmushi don kada ta gane. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, ni kuma ban san sunansa ba balle in faɗa. Sai da aka canza min magani daga baya. Ina so in sani, cikin takardun nan naku akwai wadda ke tambayar wannan?"

Dokta Bashir: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, mun gode da kika faɗa. Akwai. Gaɓa ta takwas a MADRS ita ce wannan, rashin jin komai, tun daga raguwar jin daɗin abubuwa har zuwa mutum ya kasa jin wani abu game da 'ya'yansa da makusantansa. PHQ-9 ya fara da tambayar rashin sha'awa da jin daɗi. A Hamilton an cusa shi ƙarƙashin aiki, to mace mai shara da girki da wanki ba fashi sai ta wuce ba a gani ba. Kuma abin da kika kwatanta yana iya zama ragowar ciwon, yana iya zama daga maganin kansa, don wasu magungunan suna dusashe ji. Ma'aunin ba zai bambance miki su ba, sai hira.

Alhaji Tanko Alabar: Allah ya ba ki lafiya 'yata. Ni wannan ya fi shiga raina a kan duk lambobin. Likita, ku ba kwa duban mutum da ido ne kawai? Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Malam Idi Lissafi: Baba Alhaji, har idon ma an mai da shi ma'auni. CGI sunansa, likita ya dubi mutum gaba ɗaya ya ba shi 1 zuwa 7. Matsalarsa, idon da ya san wane magani aka ba wa yana ganin abin da yake fata. Wannan ya dawo da ni kanki, Sadiya. Aikinki ba gwajin da ake jefa ƙuri'a a raba mutane ba ne, likitoci ne ke zaɓa, kuma na tabbata mai kukan rashin barci shi za a fi ba amitriptyline. Tun ranar farko rukunan biyu ba daidai suke ba, ki rubuta haka a fili. Kuma mai aunawa kada ya san maganin da mutum ke sha.

Dokta Bashir: Zai gane, Malam. Bushewar baki za ta tona.

Malam Idi Lissafi: Wani lokaci. A dai yi ƙoƙari, wanda ke tambayar illoli daban, mai awo daban.

Sadiya Aboabo: To ga abin da na rubuta, a gyara min. Babban ma'auni MADRS, a farko, mako 2, 4 da 8. Hamilton 17 a farko da ƙarshe, don malamina ya samu abin kwatantawa da tsofaffin takardu, kuma daga cikinsa zan fitar da shidan Bech. PHQ-9 yana nan tunda kilinik na yi. Illoli a takarda daban. Farawa bayan ƙaramar salla.

Malam Idi Lissafi: Ni da shidan Bech zan sa a gaba, sun fi tsabta a lissafi. Amma ba zan yi faɗa a kai ba. Ki dai rubuta wanne ne babba, ki sa kwanan wata, kada ki taɓa shi bayan kin ga lambobi.

Hajiya Mariya Nas: Takarda uku a zama ɗaya ta yi yawa ga wadda ta bar tallarta ta biya mota daga Asawase. Ki auna da agogo tukuna. Kuma wa zai fassara? Mutum biyu su juya zuwa Hausa kowa shi kaɗai, na uku da bai ga asalin ba ya mayar, sannan a gwada a kan mutanen unguwa. Hausar Kano ba za ta yi miki aiki a Aboabo ba, ki sa kalmar da tsohuwa a nan za ta gane.

Sadiya Aboabo: Na ma fara, Anti, na maƙale a gaɓa ta uku ta MADRS. Wani abu ne kamar rashin natsuwa a ciki, mutum bai san dalili ba, yana iya kaiwa ga firgici. Na sa "fargaba".

Dokta Bashir: Fargaba tana da abin da ake tsoro. Wannan ba shi da. "Zulumi" fa?

Nuhu Nima: A Nima ba wanda zai gane zulumi, Dokta. Mu "hankalina bai kwanta ba" muke cewa.

Alhaji Tanko Alabar: Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, cewa take "cikina na ɗurar ruwa".

Hajiya Mariya Nas: Wannan na wanda ya ji mugun labari ne, Alhaji, yana zuwa ya wuce. Sadiya, rubuta duka huɗun ki zo da su ranar Alhamis bayan azahar. Akwai tsofaffi uku da ke zuwa karɓar magani a ranar, in sun yarda sai mu karanta musu ɗaya bayan ɗaya mu ji wacce za su ɗauka.